Jarka Biyu da Rabi

Shekara tara Yaya yana roƙona abu ɗaya: in rufe shago kwana biyar in bi shi kogi. Kwana biyar kacal a cikin kwalekwale, ni a gaba shi a baya. Shekara tara ni kuma ina ce masa sai baɗi. Har ya daina kirana da sunana ya koma ce mini Baɗi, mutanen layinmu suka ɗauka, yau ko mai kawo mini zare da haka yake kirana. Na yi faɗa a kan sunan nan har na gaji na bari.

Ni tela ne, kuma ina da zuciya, wannan ba na musu. Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Aikinsa awon ruwa. Akwai wasu ƙarafa masu lambobi da aka kakkafa a bakin kogin, guda tara, daga gadar bayan gari har can inda ya haɗu da wani kogin. Turke suke kiransu. Shekara talatin yana bin su ɗaya bayan ɗaya a kwalekwale, ya karanta inda ruwa ya kai, ya rubuta, ya kawo wa ofis. Daga turke na biyu zuwa na tara babu gari, babu hanyar mota, babu ko bukka. Daji ne da duwatsu da dorina.

Gara in faɗi dalilin baɗin nan tun yanzu, don ba yawan aiki ba ne. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu Yaya yana kan kogi. Shekarata goma sha tara. Ni na tsaya a asibiti, ni na sa hannu a takarda, ni na karɓi gaisuwar mutane. Sai bayan kwana shida ya shigo, taɓo har gwiwa, littafinsa a ƙunshe cikin leda. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Muka ci gaba da zumunci yadda ya kamata, shi ya saya mini keken ɗinki na farko, shi ya tsaya mini a aurena. Amma kogin nan na tsane shi kamar yadda ake tsanar mutum. Duk baɗin da nake cewa ya san fassararsa, ni ma na sani.

A farkon daminar da nake ba ku labari ya zo shago da hantsi, ya zauna a bencin masu jira, ya bar ni na gama kafa hannun wata riga. Bai yi tsokanar da ya saba ba, bai taɓa almakashina ba, abin da ya san ba na so kuma kullum sai ya yi.

"Bana dai, Baɗi," in ji shi. "Akwai abin da nake son gaya maka a turke na bakwai."

Na ce ya gaya mini a nan mana, ga benci ga inuwa. Ya ce a'a, sai can. Na ce to. Wallahi ba don na yarda ba, don ya tashi ya ba ni wuri ne. Ashe shi ya riƙe wannan "to" da hannu biyu.

Kogin ba kullum yake shiguwa ba, wannan shi ne darasin farko. Turke na ɗaya yana ƙarƙashin gada. In ruwa ya haura lamba biyar, ƙarfinsa ya fi ƙarfin mutum biyu. In ya sauka ƙasa da uku, duwatsu sun fito, kwalekwale ba ya wucewa. Tsakanin nan ne kawai, bayan ɗaukewar ruwan sama, kuma bai fi mako uku ba. In ya wuce, sai wata shekarar. Ya maimaita mini wannan ya fi sau goma, har na ce masa ni ba kurma ba ne.

Daga nan kowace Asabar da safe ina gidansa. Kwalekwalen yana tsakar gida a kan tsofaffin tayoyi biyu, ƙarƙashin rumfar kwano. Wani tsohon kafinta, abokinsa tun zamanin aiki, yana zuwa yana cusa auduga a tsagogin katako yana bi da kwalta, warin ya cika gidan har matar Yaya ta ce ko shayi ta dafa kwalta take ji. Taswirar kuwa da hannunsa ya zana ta, a bayan tsohuwar kalanda, da fensir. Rana ta farko daga gada zuwa wani tsibirin yashi, nan za mu kafa tanti, a tsakiya, ba kusa da ciyawa ba. Rana ta biyu akwai gangaren duwatsu inda za mu sauke kaya kaf mu ɗauki kwalekwalen a kafaɗa, taku ɗari huɗu da sittin, wai ya ƙirga. Na ce ni da na zo hutu ashe dako aka kira ni. Rana ta uku wurin dorina, a bi gefen hagu, ana buga filafilin tuƙi a jikin katako don su san da zuwanmu, kuma ba a surutu. Ya dube ni ya ce wannan ranar ce ya fi jin tsoro, ba don dorinar ba, don bai taɓa ganin na yi awa guda bakina a rufe ba. Rana ta huɗu turke na bakwai. A nan bai zana komai ba sai ɗan da'ira, ya wuce zuwa ta biyar, inda mota za ta jira mu a mashigi.

Zan faɗi gaskiya, abin ya fara shiga raina. Ni na ɗinka jakunkunan tamfol da za a zuba shinkafa da wake, na yi musu baki mai naɗewa don kada ruwa ya shiga. Na gyara gidan sauro, na sake wa rigunan hana nutsewa maɗauri. Har na kama kaina ina tambayar wani mai kawo ɗinki ko ya taɓa ganin dorina ido da ido.

Abin da ya haɗa mu faɗa sikeli ne.

Yaya yana da ƙa'ida: kwalekwale ba a loda shi da ido. Dole hancinsa ya ɗan ɗaga sama da bayansa, kamar faɗin yatsa biyu, in ba haka ba mai tuƙi a baya zai yi ta kokawa da shi har yamma. Saboda haka komai sai an auna. Tukunya, risho, tocila, gishiri, igiya, gwangwanin kifi, har da ashana. Ya ɗauki allina na ɗinki, wanda har yau bai dawo ba, ya raba cikin kwalekwalen gida uku: gaba, tsakiya, baya. Kowane kaya da gidansa, kuma duk yana rubuce a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ba ya barin kowa ya buɗe.

Mutane ma kaya ne, in ji shi. Ya fito da sikelin da ake hawa ya ajiye a tsakar gida ya ce bismillah. Na hau. Tamanin da takwas. Matar Yaya tana shanya ta leƙo ta ce, Tela, ashe ba yadi kaɗai ake ci a shagon nan ba. Ta yi dariya har da riƙe igiyar shanya. Na ce shi ma ya hau mu gani, ya ce ya riga ya auna a ɗaki, ya san nasa. Haka aka yi ta yi kowace Asabar: ni a bainar jama'a, shi a ɗaki.

Makon farko tukunya da risho suna gaba, a ƙafafuna. Bayan mako biyu ya duba littafi ya ce an ɗan samu canji, ya mayar da su tsakiya. Wani makon jakar shinkafa ta tashi daga tsakiya ta koma baya. Sannan jarkar ruwan sha, mai lita ashirin, ita ma ta bi ta. Duk lokacin da zai matsar da abu sai ya ciji fensir, ya ce an ɗan samu canji. Ni kuwa abin da kunnena ke ji shi ne: ƙaninka ya cika tumbi, zai nutsar da mu.

Na shiga taitayina a ɓoye. Na daina sa sukari a shayi, na rage burodi, na ajiye babur ina zuwa shago a ƙafa, matata tana tambaya ko wani abu ya same ni. Cikin wata biyu na sauko tamanin da biyar. Na hau sikeli ina hura hanci, ina jiran a ce sannu. Ya rubuta, ya ciji fensir, ya ɗauki tanti ya kai baya.

Za ku ce ba ni da ido ne? Ina da shi. Na ga kumatunsa sun faɗa, na yi magana, matarsa ta ce likita ne ya hana shi mai da gishiri, na ce ai gara. Kuma ni idon tela gare ni, riga nake fara kallo kafin mutum. Rigunansa kuwa zaune suke daram a kafaɗa, hannu bai zarce ba, wuya bai yi yawa ba. Idona ya ce lafiya lau, ni kuma na yarda da shi don ya fi mini sauƙi.

Ruwan sama ya ɗauke. Yaya ya fara zuwa gada kowace safiya. Ranar wata Asabar ya ce ruwa ya taɓa biyar yana sauka, yau za mu yi lodin gwaji na ƙarshe, Asabar mai zuwa mu tashi. Muka jera komai. Da muka gama na ja baya na duba. A gaba babu komai sai wurin zamana da filafili da gwangwanin kwashe ruwa. Duk sauran kayan sun taru daga tsakiya zuwa baya, tsibi guda, har da ƙyar za a ga inda zai sa ƙafa. Kafinta yana gefe yana goge hannu, matar Yaya tana bakin ƙofar kicin.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wata huɗu ina zuwa ana ɗora ni a sikeli kamar buhu ana yi mini dariya, na bar sukari, na bar babur, na rage kilo uku, amma kullum sai a nuna mini ni ne matsalar jirgin. Na ce in bai yarda da ni ba ya faɗa, in kuma wasa yake da hankalina ya nemi wani. Ya buɗe baki zai yi magana, ban bar shi ba. Abin da na binne shekara talatin da uku ya taso mini har wuya, na kuwa sake shi.

"Ranar da na ɗauki abin da ya fi wannan nauyi, ni kaɗai, ba ka zo ka auna ba."

Yaya yana tsaye da fensir a hannu. Ya dube ni, ya dubi kwalekwalen.

"Gaskiya ne," in ji shi.

Da ya yi mini faɗa da na sauko. Wannan "gaskiya ne" ita ta ƙarasa ni. Na ɗauki hulata na fita, matarsa tana kira ban waiga ba.

Washegari da safe saƙo ya shigo wayata. Babu gaisuwa, babu ban haƙuri. "Biyar saura kaɗan." Na karanta na kife wayar. Bayan kwana biyu, "Huɗu da rabi." Asabar ɗin da muka sa ta zo, na buɗe shago tun bakwai don kowa ya ga ina da aiki, na zauna ina farke ɗinkin da ba shi da laifi. "Huɗu." Na ce a raina bari ya ɗanɗana jira shi ma, ya ji yadda ake kallon ƙofa. Kullum da safe lamba ɗaya, kullum ina kifewa. "Uku da rabi." Niyyata in ya kai nan in je, in nuna na yi masa alfarma. Da ya kai sai na ce gobe. Goben ta zo, wani ya kawo ɗinkin gaggawa, na ce jibi. Mako uku na yi ina wannan shirmen, da furfurata.

Kafinta ne ya zo ranar wata Talata, wai aljihun wandonsa ya yage. Ina ɗinki ina zuba masa ƙorafi, yana saurare kamar bai ga komai da idonsa ba. Da na tsagaita ya tambaye ni nawa nake a farko, na ce tamanin da takwas. Yanzu fa? Na ce da biyar. Ya miƙa hannu ya ɗauki rular katako a kan teburina, ya ɗora ta a yatsa ɗaya har ta tsaya daidai. Ya ɗora maɓalli a kowane gefe, sannan ya cire na dama. Rular ta karkata ta faɗi.

"Kai ka ragu, amma kaya suna ta komawa baya," in ji shi. "To wa ke raguwa fiye da kai?"

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Ya ce shi ma bai gane ba sai da Yaya ya sa shi ya kafa majingini a kujerar baya. Shekara arba'in ya san shi, bai taɓa ganin ya jingina a kwalekwale ba. Ya ce an roƙe shi ya yi shiru kuma ya yi, amma shirun ya ishe shi. Ban cire wandon daga ƙarƙashin allura ba, ban rufe shago ba, na fita sai gidan Yaya.

Na samu matar Yaya a tsakar gida tana wanke takalmi, taɓo ya kama shi har sama. Da ta gan ni ba ta yi tsokana ba, ta ci gaba da gurzawa. Ta ce kwana goma ke nan ita ke zuwa gada, shi ba ya iya hawa babur, ita ke karanto lambar ta kawo masa ya tura mini. Ciwon daji ne a hanta. Tun kafin damina likitoci suka gaya masa, suka ce watanni ne. Na tambaye ta rigunan fa, don har lokacin ina neman abin da zan kama. Ta ce sau biyu tana kwasar su ta kai wa wani tela a can ƙarshen gari yana ragewa, don Yaya ya ce in na ga riga ta yi masa yawa zan gane. Ni da nake ɗinka masa kaya tun ina koyo. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, kuma na san ni na jawo.

Na ce yau ruwa nawa? Ta ce ya sauka ƙasa da uku tun shekaranjiya, shi ya sa saƙo bai zo ba.

Yana kwance a ɗaki da 'yar shara, taga a buɗe, littafin a gefen matashi. Sai ranar na ga mutumin ba rigar ba. Wuyan hannunsa bai fi kaurin yatsuna biyu ba. Na durƙusa a gaban gadon na fara surutu, na ce gobe za mu tafi, zan nemo mota, zan ɗauke shi a bayana a wurin gangaren, ni zan yi tuƙin duka. Ya bar ni na gama kamar yadda ya saba.

"Duwatsu sun fito, Baɗi."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba, kalma ɗaya da ta isa, da tun ranar na rufe shagon.

"Na sani," in ji shi. "Da ka bi ni don tausayi. Ni kuwa so nake ka bi ni don ka huce."

Sai ya ce tunda turke na bakwai ya fi ƙarfinmu, bari ya faɗa a nan, ga gado ga inuwa. A tafiyar nan ta shekara talatin da uku da suka wuce, kwalekwalensu ya tsage a kan dutse dab da turken. Suka ja shi kan yashi suka liƙe, dole su jira kwana uku kwalta ta kama. Ya ce wurin akwai wata ƙatuwar bishiya da ta sunkuya kan ruwa, ruwan garau har ana ganin kifi, ga tsuntsaye iri-iri. Kwana ukun nan ya yi wanka, ya kama kifi, ya yi barcin rana, ya yi waƙa da ƙarfi don babu mai ji sai abokin tafiyarsa. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Da ya dawo gida ya lissafa, sai ya ga ranar farko a cikinsu ita ce ranar da mahaifiyarmu ta rasu, ina tsaye ni kaɗai a asibiti.

"Ba rashin zuwan ne ya fi damuna ba," in ji shi. "Daɗin da na ji ne. Na so ka ga wurin da idonka, ko za ka gane yadda mutum zai yi farin ciki a can bai san komai ba. In ka ga dama ka yafe, in ba ka gani ba ka zage ni a wurin, babu mai ji."

Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce wace magana, ai gaskiya na faɗa. Har a wannan halin sai da ya ba ni haushi.

Mako shida ya ƙara. Na bar shago a rufe, duk wanda ya matsu ya zo ya karɓi yadinsa. Ranar da ya ɗan ji ƙarfi sai mu fito da shi tsakar gida a kujera, ya sa ni in hau kwalekwalen a kan tayoyinsa, a baya, wurinsa. Ya ba ni filafili in yi ta tuƙa iska. Ƙato da ni, ina zufa, ina tuƙi a busasshiyar ƙasa, yana cewa in karya wuyan hannu a ƙarshen kowane ja don hancin ya tsaya saiti, in daina dukan ruwa kamar ya yi mini laifi. Matarsa tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Na ɗauka yana yi ne don ya rage wa kansa zaman ɗaki, shi ya sa ban yi gardama ba.

Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Ina wurin, hannunsa a cikin nawa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an watse matarsa ta miƙo mini littafin, ta ce ya ce a ba ni. Na kai shi shago, na yi kwanaki ban buɗe ba. Da na buɗe na ga kowace Asabar da shafinta, lambata a sama, tasa a ƙasa. Saba'in da ɗaya. Saba'in. Sittin da takwas. Tawa tana sauka da rabin kilo ina fama da shayi babu sukari, tasa tana sauka ninki biyun tawa. Ranar da na yi masa rashin kunya, hamsin da bakwai. A gefen kowace lamba ya rubuta kayan da ya matsar don cike gurbin abin da ya rasa.

Shafin ƙarshe rubutun ya karkace, amma ana karantawa. A sama ya sa: Lodin mutum ɗaya. Baya, Baɗi, tamanin da biyar, in bai koma wa sukari ba. Tsakiya, ya jera komai har ashana. Sai gaba. Ya rubuta cewa mai tafiya shi kaɗai dole ya sa nauyi a gaba, in ba haka ba iska za ta yi ta juya masa hanci. Jarka biyu da rabi na ruwa, a ɗaure a kujera. A ƙarƙashi ya ja layi ya ƙara: Kada ya cika ta ukun, ban kai haka ba.

Shekarar nan duka na yi ta ina koyo a madatsar ruwan bayan gari, kowace Asabar, Kafinta yana bakin ruwa yana yi mini ihu. Sau biyu ina kifewa. Matata ta ce na haukace, matar Yaya ta ce kada in mayar da gidan zawarawa biyu, amma ita ce ta fara zuwa gada da ruwan sama ya ɗauke. Ran nan da safe saƙo ya shigo daga tsohuwar lambarsa, don wayar tana hannunta. "Huɗu."

Kafinta ya samo motar ɗaukar kaya muka kai kwalekwalen ƙarƙashin gada. Muka loda bisa littafi, ina karantawa yana jerawa. Ya cika jarka ta farko da ta biyu, ya kafa ta uku a bakin famfon tankin ruwan da ke bayan motar. Da ruwa ya kai rabi na ce ya tsaya. Ya ce in bari ya cika mana, tafiyar kwana biyar ce, ruwan sha ba ya yawa.

"A'a," na ce. "Bai kai haka ba."

Ya dube ni, ya rufe famfon. Muka ɗaure su a kujerar gaba da igiya, muka tura kwalekwalen cikin ruwa. Na hau baya, majinginin da aka yi masa ya tokare ni, don an auna shi ne da bayan da bai kai nawa ba. Kafinta ya tsuguna a bakin ruwa ya duba ta gefe, ya ɗaga mini yatsa biyu. Hancin ya ɗaga daidai yadda yake so.

Na sa filafili na ja, na karya wuyan hannu a ƙarshe. Kwana huɗu ne zuwa turke na bakwai, amma tun kafin mu fita daga inuwar gada na fara yi masa magana.